Tambayi Tsohon Ɗan Jagora: Dala Uku da Tafiyar Zaga Duniya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni falken albasa ne a Tawa, shekara talatin da ɗoriya ina kai albasar Galmi Abijan da Akara. Allah Ya rufa asiri, na sauke farali, na aurar da ɗiya mata, samarin sun kama kasuwa. Ɗana da ke karatu a waje ya turo mini hotunan wata tafiya da ake yi da jirgin sama na musamman, a zaga duniya cikin sati uku, a ga dalar Masar da wani gari a kan dutse a Feru da sauran abubuwan mamaki. Ya ce kuɗin ya haura dala dubu ɗari. Uwargida da ta ji, ta ce ai jika ɗari biyar ke nan, mu tashi gobe. Na san ba haka ba ne. Ka faɗa mini gaskiyar kuɗin, kuma ko tafiyar ta dace da mutum mai shekara 66 da ke shan maganin hawan jini, tun gwiwa ba ta ƙi ba.
Daga wani Alhaji, Tawa

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi. Ka gaida mini Hajiya, ka ce mata lissafinta bai karkace ba, dalar ce ba tamu ba. Dala uku suka haɗu a wasiƙarka: tamu ta kasuwa mai sefa biyar, ta Amurka, da ta Fir'auna da kuke son zuwa gani. Ta tsakiyar ɗanka yake nufi. Mu ƙaddara dalar Amurka guda sefa 600 don sauƙin lissafi: dubu ɗari ta zama miliyan 60, kuma wannan na mutum guda ne. Kai da Hajiya miliyan 120, ba a sa tikitin da zai kai ku inda jirgin zai tashi ba. Kai ka san tirela nawa ta albasa ke nan, ni ban sani ba.

Abin da kuɗin ke saye ba ƙarya ba ne. Kamfanoni irin su Four Seasons da National Geographic da Abercrombie & Kent suna ɗaukar babban jirgi, a cire kujerun da aka saba, a sa waɗanda ke miƙewa kamar gado, a ɗauki mutum hamsin ko abin da ya ɗan fi haka. Akwai mai dafa abinci, akwai likita mai bin ayarin. Jakarka ba za ka taɓa ta ba, daga ɗakin otel zuwa wani ɗakin otel za ta riƙa tarar da kai. Yawanci ana tasowa daga Amurka a nufi yamma: Feru, tsibirin Ista, wani lungu na tekun Fasifik, Kambodiya, Indiya, dajin Serengeti a Tanzaniya, sannan Jodan ko Masar ko Maroko. Kowane zango kwana biyu, in an yi alheri uku.

Wannan kwana biyun shi ne inda nake da magana. Zangon Feru shi ne ya fi damuna da kai. Machu Picchu, garin da ɗanka ya nuna maka, mutanen Inka suka gina shi a ƙarni na 15, yana kan tudu mai tsawon mita 2,430. Duniya ba ta san da shi sosai ba sai 1911, da wani Ba'amurke Hiram Bingham ya isa wurin. Amma ƙofar zuwa can ita ce birnin Kusko, shi kuwa mita 3,400 ne. Tawa ba ta kai mita 500 ba. A irin wannan tudu iskar shaƙa ba ta ƙosar da huhu: kai ya yi ciwo, barci ya ƙi, matakala goma ta sa ka haki kamar wanda ya yi dako. Jiki kan saba, amma sabon yana son kwanaki, jirgin kuwa ba ya jiran kowa. Kafin ka biya ko sisi, ka je wa likitanka da waɗannan lambobi biyu a rubuce, ka ji ta bakinsa.

Ni ban taɓa hawa irin wannan jirgi ba, kuma da wuya in hau. Shekara goma sha ina jagorantar Turawa cikin Ayar da Tenere, da harkar ta mutu na dawo Yamai ina sayar da tikiti. Amma na taɓa cin karo da mutanen jirgin a Betra, cikin Jodan, lokacin da na raka wasu alhazai bayan umra.

Betra ba a ganinta daga nesa. Sai ka shiga wani tsagin dutse da suke kira Siƙ, tafiyar fiye da kilomita guda, dutse ja ta dama, ja ta hagu, a wasu wurare raƙumi biyu da kaya da kyar su gifta juna. Abin da ya tsayar da ni ba shi ne ke tsayar da masu hoto ba. A gefen bango, daidai ƙugu, akwai wata ƴar kwata da aka sassaƙa tana bin hanyar har ciki. Ruwa suke jawowa da ita. Nabatawa da suka gina garin fatake ne irinka, Alhaji. Lubban da kayan ƙamshi ake ɗaukowa daga kudancin ƙasar Larabawa a bi ta wurinsu, su shayar da ayari, su karɓi fito. Wanda ya taɓa ganin ayarin gishiri ya taso daga Bilma ba ya bukatar a yi masa bayanin darajar mai riƙe da rijiya. Rumawa sun haɗiye masarautar a shekara ta 106 miladiyya, fatauci ya riƙa komawa teku, girgizar ƙasa ta 363 ta rushe sashe mai yawa, gari ya riƙa zama kufai a hankali.

Ana cikin tafiya sai tsagin ya buɗe kaɗan, ka hango wani yanki na gini kamar ta ƙofar da ba a rufe sosai ba. Shi ne Hazna, kusan mita 40, ba a ɗora dutse kan dutse ba, daga jikin tsauni aka fafe shi. A can sama akwai wata tukunyar dutse duk ta yi tabon harsashi, don makiyayan wurin sun daɗe suna zaton dukiyar Fir'auna ce a ciki, suna harbi ko za ta fashe.

Muna zaune muna shan shayin wani Balaraben ƙauye, sai ga su sun iso, kowa da ɗan abin saurare a kunne, jagoransu na magana ƙasa-ƙasa. Mutane ne masu ladabi, yawancinsu sa'o'inka. Suka yi hoto, suka ɗan gangara ciki, kafin mai shayi ya ɗora tukunya ta uku sun juyo. Wata tsohuwa cikinsu ta tambaye ni da Faransanci ko na hau Dair, wani gini da ya fi Hazna faɗi, can bisa tsauni, matakala wajen 800. Na ce gobe da asuba, in Allah Ya kai mu. Ta yi dariya ta ce su gobe warhaka suna wata ƙasa. Washegari na hau, rabi da ƙafa, rabi bisa jaki, na kuma yi kwana biyu ina jin cinyoyina.

Sai maganar takardu, wadda hotunan ba sa nunawa. An tsara tafiyar ne don masu fasfon da ake buɗe wa ƙofa. Kai da fasfon Nijar, kusan kowace ƙasa sai ka nemi biza tun kana gida, wasunsu ba su da ofishin jakadanci a Yamai, sai an aika fasfo wata ƙasa ko a cike ta intanet. In jirgin daga Amurka zai tashi, bizar Amurka ce ta farko, ita ce kuma mafi wuya. Ka tabbata fasfo yana da sauran wata shida bayan ranar dawowa, da shafuka da yawa babu hatimi, da katin allurar shawara. Kafin ka tura kuɗin ajiye kujera, ka sa a karanta maka abin da zai faru in an hana ka biza guda, don galibi wannan kuɗin ba ya dawowa.

In da ni ne da rabin kuɗinka, ba zan zaga duniya ba. Zan ɗauki kujerar manya daga filin Diori Hamani in nufi Alƙahira, in yi sati: dalar Kufu a Giza, wadda aka gina kimanin shekara 4,500 da suka wuce, asalin tsawonta mita 146, sannan Luksor da jirgin ruwa a kan Nilu, inda gwiwa ke hutawa gaɓar kogi na wucewa da kanta. Daga nan Amman, babban birnin Jodan, tafiyar awa guda da ɗan wani abu ce a jirgin sama. Kwana uku a Betra, kwana biyu a bakin Tekun Gishiri, wanda ya fi mita 400 ƙasa da doron teku, ruwan da ko wanda bai iya iyo ba ba ya nutsewa. In da sauran ƙarfi, Agara a Indiya, a ga Taj Mahal da Sarki Shah Jahan ya gina wa matarsa Mumtaz bayan rasuwarta a 1631. Hajiya za ta so wannan labari, kai ne za ka sha tambaya. Amma kada ranar ta faɗo Juma'a, a rufe yake ga baƙi. Ni da hannuna na taɓa rubuta wa wani bawan Allah Juma'a a Agara. Daga ƙetaren kogin Yamuna ya hango ginin, har yau in mun haɗu a masallaci sai ya tuna mini.

In kuwa zagayen ne dai ranka ke so, a ce ka fita ta gabas ka dawo ta yamma, akwai tikitin zaga duniya da ƙawancen kamfanonin jirage ke sayarwa. Ethiopian da Turkish, masu sauka Yamai, suna cikin ƙawancen Star Alliance. Sharaɗin shi ne ka bi fuska guda, ka ƙetare Atlantika sau ɗaya, Fasifik sau ɗaya, ka gama cikin shekara. Jakarka kai za ka ja, amma kwanakin naka ne.

Tambaya: Baba, me ya sa irin waɗannan jirage ba sa sauka a Nijar? Ko ba mu da abin nunawa?
Daga wata ɗaliba, unguwar Yantala, Yamai

Amsa: Ɗiyata, abin nunawa ba shi ne ya yi mana ƙaranci ba. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce ta zallar laka, tun 1515, aka sake gina ta a 1844, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ayar da Tenere sun shiga tun 1991. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙumin dawa a jikin dutse da ya fi mita 5, na sha kai baƙi su tsaya shiru a kansa. Alhajin da ya rubuto a sama ma, a jiharsu masallacin Yama yake, wanda magini Falke Barmu ya gina, ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Matsalar tsaro ce. Tawayen 2007 ya kori baƙi daga arewa, sace mutane a Arlit a 2010 ya ƙarasa abin da ya rage, harin Kure na Agustan 2020, inda aka kashe mutum takwas a wurin kallon raƙuman dawa, ya rufe wanda ke kusa da Yamai. Kamfanin inshora ba ya yarda a sauke attajirai hamsin inda gwamnatocinsu suka ce kada a je. Ke dai ki fara da gidan tarihi na Bubu Hama. Itacen Tenere, wanda wata babbar mota ta kayar a 1973, yana nan an yi masa rumfa.

Tambaya: Malam, mai zaga duniya yaya zai yi da salla? An ce har rana guda takan ɓace.
Daga wani ladan, Tawa

Amsa: Malam, hukuncin ƙasaru da haɗa salloli naku ne, ba zan yi wa mai gida kwatancen ɗakinsa ba. Abin da na sani na hanya ne. A tsakiyar Fasifik akwai layin da kwanan wata ke canzawa. Mai tafiya yamma, in ya ƙetare shi, sai a tsallake masa kwana guda: ya tashi daren Laraba, ya yi barci ɗaya, ya sauka safiyar Juma'a. Rana ba ta ɓace ba, ya ci ta ne kaɗan-kaɗan a hanya, don mai bin rana yininsa tsawo yake yi, la'asar ta daɗe ba ta zama magariba ba. Matafiyan da na sani suna bin ranar inda suke, ba agogon gida ba.

Abin da ya fi rikita mutanenmu alƙibla ce. Mu da muka tashi muna cewa a fuskanci gabas, a Indiya da Kambodiya yamma ake fuskanta, shi ya sa masallacin Taj Mahal yake yammacin kabarin. Wani dattijo da na aika Indiya neman magani ya kira ni daga ɗakin otel, ya ce alamar da suka manna a rufin ɗaki tana nuna mafaɗar rana, ko dai Hindu ne ya manna ta? Sai da na sa ya sauka ya bi sahun masallacin unguwar kafin ya yarda ya juya dardumarsa.