Ɗana sojan ruwa ne, amma ya ce jan igiya da fenti yake yi a jirgi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama horon kuratan sojan ruwa a Onne, an tura shi jirgi a Legas. Da na tambaye shi aikinsa sai ya ce jan igiya, da kankare tsatsa, da fenti, da tsayuwar gadi cikin dare. Raina ya ɓaci, don ni a sanina soja bindiga yake riƙewa. Shin lebura aka mayar da shi saboda ba shi da kowa a sama? Kuma wane haɗari ne a cikin aikin? Daga wani mahaifi a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, ba a zalunci yaronka ba. Abin da ya lissafa maka shi ne aikin sashen da sojojin ruwa ke kira siman, wato masu kula da saman jirgi, da igiyoyinsa, da ankarsa (ƙugiyar ƙarfen da ake saki cikin ruwa ta riƙe jirgi), da ƙananan kwale-kwalensa, da tuƙinsa. Duk ƙaramin sojan da aka sa a wannan sashe ta nan yake farawa, ko ɗan waye shi. Bindiga kuma an koya masa, yana ɗaukarta in lokacinta ya zo. Sai dai jirgin yaƙi ya fi daɗewa yana fama da teku fiye da yadda yake fama da abokan gaba.

Bari in fara da igiyar, don a nan haɗarin da ka tambaya ya fi yawa. Jirgi irin NNS Thunder, na sojojin ruwan Najeriya, tsawonsa mita 115 ne, nauyinsa ya haura tan 3,000, kuma ba shi da birki. In zai tsaya a bakin tasha, igiyoyi ne ke tsayar da shi su riƙe shi. Ana fara cilla siririyar igiya mai dunƙule a kai zuwa ga mutanen da ke ƙasa, su jawo ta, ita kuma ta jawo babbar, wadda kaurinta kan kai damtsen mutum, su rataya ta a turken ƙarfe. Wasu igiyoyin daga goshin jirgi suke fita, wasu daga baya, wasu kuma a karkace suke don hana shi zamewa gaba ko baya. Kowace da sunanta da lambarta, kuma in aka ba da umarni a kan wata ba a son mai tambayar wacce ake nufi.

Igiyar nailan tana miƙewa sosai kafin ta tsinke, fiye da rubu'in tsawonta. In ta tsinke sai ta dawo kamar robar danƙo, da ƙarfin da ke karya ƙafa ko ya kashe mutum nan take. Shi ya sa darasin farko da ake cusa wa yaro shi ne inda ba a tsayawa: ba a tsayawa a saitin igiyar da ta ɗaure tamau, ba a tsallake ta, ba a sa ƙafa cikin lanƙwasarta a ƙasa, kuma ba a wannan aiki da zobe a yatsa. In ya ce maka manyansa na yi masa tsawa a kan wajen tsayuwa, ka gode musu.

Anka ma haka take. Mutane na ɗauka nauyin ƙarfen ne kaɗai ke riƙe jirgi, alhali doguwar sarƙar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa ce ke sa ankar ta ja a kwance ta cije ƙasa. Don haka ake sakin sarƙa ninki da dama na zurfin wurin. Sarƙar gaɓa-gaɓa ce, kowace gaɓa mita 27 da rabi, an yi mata alama da fenti domin mai kallo ya ƙirga nawa ta fita ya sanar da ɗakin tuƙi. In ta fara gudu ba wanda ke kusantarta.

Gadin dare kuwa, ba irin na ƙofar gida ba ne. Jirgi a teku ba ya barci, don haka an raba yini zuwa tsayuwa ta awa huɗu-huɗu, tsarin da rundunar sojojin ruwan Najeriya, wadda aka kafa a 1956, ta gada daga ta Ingila. Tsayuwar ƙarfe 4 na yamma zuwa 8 na dare ana raba ta biyu, domin kada mutum ɗaya ya dawwama a ta 12 na dare zuwa 4 na asuba, wadda kowa ke gudu. A cikin tsayuwar yaro kan zama ɗan leƙe ko mai riƙe sitiyari.

Za ka ce me ɗan leƙe zai gani wanda rada, na'urar hango jirage daga nesa, ba ta gani ba? Da yawa. Gaɓar tekun Najeriya cike take da kwale-kwalen masunta na katako, da yawansu ba fitila, kuma rada ba ta kama katako da kyau, balle tarun da suka shimfiɗa wanda ke iya naɗe farfela. A watannin Disamba da Janairu hazon hunturu da kuka sani a Funtuwa yana sauka har kan teku ya rage nisan gani. Dokokin hana karon jirage na duniya, na shekarar 1972, sun wajabta wa kowane jirgi ya sa ido da kunne a kowane lokaci, kome na'urorinsa. Ɗan leƙe ya san jar fitila tana hagun jirgi, koriya tana damansa, saboda haka daga launin da ya hango cikin duhu ake gane inda wancan jirgin ya dosa. Ido kan ɗauki kusan rabin awa kafin ya saba da duhu sosai, shi ya sa ba a son hasken waya ko sau ɗaya a wajen tsayuwa.

Mai sitiyari kuma ba ya tuƙi da ra'ayinsa. Hafsan da ke kan aiki ya faɗi umarni, shi ya maimaita da ƙarfi, ya aikata, sannan ya sanar cewa ya aikata. Ba a ba yaro wannan wuri a mashigar tasha mai ƙunci sai an gamsu da natsuwarsa.

Akwai kuma sauke ƙaramin jirgin roba mai gudu, wanda ake hawa a je binciken jiragen da ake zargi da satar ɗanyen mai ko fashin teku. A nan ne bindigar da kake nema take fitowa. Amma kafin mai bindiga ya isa ko'ina sai 'yan siman sun sauke jirgin daga sama zuwa ruwan da ke tashi yana sauka, babban jirgin kuma yana tafiya. In aka saki ƙugiyoyi ba a kan tsari ba, sai ya juye da mutanen cikinsa. Su ne kuma kan gaba in wani ya faɗa ruwa: wanda ya gani ya yi ihu ya faɗi ɓangaren, a cilla zoben ceto, mutum ɗaya ya tsaya yana nuna wurin da hannu ba ya kau da ido ko me ake yi, don kan mutum a cikin taguwar ruwa in ya ɓace maka da wuya ka sake ganinsa.

Fenti ne na san ya fi ɓata maka rai. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe dare da rana, kuma in aka shafa fenti a kan tsatsa ci take yi ta ƙarƙashi, dole sai an kankare har ƙarfe ya fito fes. Wancan NNS Thunder ɗin a 1968 ya fara aiki a hannun masu tsaron gaɓar tekun Amurka, aka miƙa shi ga Najeriya a 2011, kuma a 2013 ya yi tafiya har birnin Sidni na Ostireliya ya dawo. Jirgi mai shekara 45 ba ya yin wannan tafiya in ba a yi shekaru ana kankare shi ana shafe shi ba. Aiki ne mai gundura, ban ce maka yana da daɗi ba, kuma gaskiya ƙananan ne suka fi shan sa. Yana raguwa ne in mutum ya ci jarrabawar ƙarin girma ya koma mai sa ido a kan wasu.

In kun yi waya, ka tambaye shi abu biyu. Yana ƙara ƙwarewa a iyo? Yaran da suka taso nesa da babban ruwa suna bukatar ƙarin ƙoƙari a nan, kuma kada kunya ta hana shi neman a koya masa. Sannan yana sa rigar ceto duk lokacin da yake aiki a gefen jirgi, ko da zafi ya dame shi? In kuma ka ji shiru na kwanaki bayan sun fita, kada hankalinka ya tashi, layin waya ba ya kaiwa can cikin teku, kuma ba a ba su izinin faɗin inda jirgi ya nufa ko ranar da zai dawo ba. Allah Ya tsare shi, Ya yi masa albarka.