Me ya sa kwalara ke dawowa duk damina?

Tambaya: Assalamu alaikum. A unguwarmu duk damina sai amai da gudawa ya ɓarke. A kai mutane asibiti, a yi musu ƙarin ruwa, su warke, baɗi kuma a koma gidan jiya. Ina gizo ke saƙar? (Wata mai karatu daga Bauchi)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Asibiti ƙarshen lamarin kawai yake gani, don haka sai an bi ruwan daga rijiya har zuwa baki. Yawancin masu ɗauke da ƙwayar kwalara ba sa ko kwanciya, amma tana fita a cikin bayan gidan da suke yi har kwana 10. Ruwan sama ya cika masai, ƙazanta ta tsiyaya cikin rijiyar da ke kusa, ɗan garuwa ya ɗebo a jarkoki ya zaga gida goma. A gida kuma ga randa a buɗe, moda ɗaya kowa na tsomawa da hannunsa. Wanda ya warke, wannan randar zai koma wa.

Shi ya sa ake son tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. A sa wa ruwan sha kulorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, a jira minti 30. In ruwan ya yi laka a fara tace shi, don laka na cinye ƙarfin maganin. Nan mutane da yawa ke yin asarar kuɗinsu. Jarkokin 'yan garuwa ma a riƙa wanke su, ba a cika tunawa da su ba.

Cutar kan ɗauki awa 12 zuwa kwana 5 kafin ta bayyana. Saboda haka in an gyara ruwa yau gobe aka ga sabon majinyaci, kada a ce gyaran bai yi ba.

Tambaya: To me zai hana a rufe rijiyar kawai?

Amsa: An taɓa yin haka. A 1854 da kwalara ta ɓarke a Landan, likita John Snow ya sa an cire hannun famfon wata rijiya don a daina shan ruwanta. Amma in aka rufe rijiya ba a kawo tankar ruwa ba, kududdufi za a nufa, a gudu ba a tsira ba. Kafin ruwan ya iso, duk wanda gudawa ta kama a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ya riƙa kurɓa tun a hanyar asibiti.