Muryar da aka turo guruf kan mayar da tsohon keken tsere giya ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Toh ƙanina mai tambaya, na saurari muryarka, ka ce ka sayi tsohon keken tsere ɗan gwanjo, irin mai lanƙwasasshen kan nan, giyar baya ta lanƙwashe wayar ma ta tsinke, wai za ka iya cire tarkacen gaba ɗaya ka mayar da shi giya ɗaya ko kuwa sai ka nemi sabuwar giya. Wasu na ga sun ce maka ka kai wa mai walda. Don Allah kar ka kai wa mai walda, aikin nan babu wuta a cikinsa ko kaɗan.

Eh zai yiwu, kuma a gari irin Kano da babu wani hawa da gangara ni a ganina ma ya fi, ga ƙurar hunturu da ke shiga cikin giyar nan ta haɗu da mai ta zama kamar kunun yashi tana cin ƙarfe. Amma kafin ka taɓa sifana, juya keken ka kalli inda aksul ɗin tayar baya yake shiga jikin firam. In ka ga ramin dogo ne a kwance, wato za ka iya turo taya gaba ko ka ja ta baya kamar santimita biyu, to ka gama sa'a, kuma yawancin kekunan ƙarfe na shekarun 1970 zuwa 1980, su Raleigh su Peugeot, haka suke zuwa. In kuwa ramin gajere ne yana kallon ƙasa, taya ta shiga ta zauna wuri ɗaya ba ta motsi, to nan babu yadda za ka ɗaure sarƙa da jan taya, sai dai ka sa abin da zai riƙa tamke ta, akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin da ake sayarwa, ko kuma ka miƙe tsohuwar giyar taka ka kulle ta wuri ɗaya da sukurorinta ta yi maka wannan aikin. Ba kyau a ido amma tana yi.

To ka gane ko, duk aikin nan sarƙa ce. Cire liba da waya da giyar gaba wannan ko yaron shago zai yi maka kafin ka gama shan shayi. Abin da ke raba aiki mai kyau da na banza shi ne sarƙar ta tafi a miƙe sak daga farantin gaba zuwa haƙoran baya, kuma ta ɗauru daidai.

Akwai hanyar talaka, ka bar firiwil ɗin nan, wato jerin haƙoran da ke tayar baya, mai hawa biyar ko shida yadda yake, ka zaɓi na tsakiya wanda ya yi saiti da farantin gaba, ka rage sarƙa ka haɗa. Mutane da yawa haka suke hawa. Matsalarsa, in ka faɗa rami sarƙa tana iya tsallakawa ta hau na sama wanda ya fi girma, ita kuma an riga an rage ta ba ta da sauran tsawo, sai ta ɗaure tamau, wani lokacin har aksul ya lanƙwashe. In don ka gwada sati ɗaya biyu ne ba laifi, amma ni ban so ka zauna a haka.

Mai kyaun shi ne a kwance wancan firiwil ɗin a ɗaura na giya ɗaya, irin na Phoenix ɗin nan da ke ko'ina wurin masu kayan keke, mai haƙora 16 ko 18 ko 20, don zaren ɗaya ne a yawancin kekuna. Kwance tsohon fa aiki ne, domin duk taka fedar da aka yi shekara da shekaru ƙara ɗaure shi take yi, in mai gyaranka yana da makullin cire shi falillahil hamdu, in ba shi da shi za ka ga ya ɗauko guduma da ƙusa, to ka sani firiwil ɗin ya tafi kenan, ka dai roƙe shi ya kiyaye zaren hob ɗin, wato cibiyar wilin da firiwil ke ɗaure a jikinta. Sabon kuma ka shafa giris a zaren ka ɗaura da hannu. Da hannu na ce. In ya yi zagaye ɗaya biyu ya cije kar ka matsa masa, musamman in Peugeot ne tsoho sosai, Faransawa a da zarensu daban ne da na Ingila, ka matsa da ƙarfi hob ɗin alminiyam ne zaren zai cinye ka yi asarar wili ɗungurum. Af, in kuma wilin naka irin na baya-bayan nan ne mai kaset, wanda haƙoran ke zurawa a kan gora, to wannan ma ya fi sauƙi, hawa ɗaya za ka bari ka cike sauran wurin da zobba, wasu ma fayif ɗin roba na ruwa suke yankawa.

Yanzu ga inda masu gyara da yawa suke tsallakewa. Da ka ɗaura firiwil guda za ka ga ya shige ciki can kusa da wayoyin wili, shi kuma farantin gaba yana waje, sarƙa ta karkace, tana ƙara tana zubewa. Ɗauko ruler ka auna. Daga tsakiyar bututun da sirdi ke shiga zuwa haƙoran farantin gaba, a ce ka samu milimita 42. A baya kuma ka auna faɗin tsakanin ƙafafun firam biyu, masu giya biyar milimita 120 ne, masu shida ko bakwai 126. A ce naka 126 ne, rabinsa 63, ka cire 42 saura 21, kenan daga cikin firam na dama zuwa haƙoran firiwil ya kamata ya zama milimita 21. In ya fi haka, sai a kwance aksul a kwaso washa da zobban da ke gefen dama a mayar da su hagu, hob ya matso dama. To amma da ka yi haka rim ya bar tsakiya, taya za ta jingina gefe ɗaya, sai a bi wayoyin wili da maɓalli, na dama a sassauta na hagu a ɗaure, kaɗan-kaɗan rabin juyi rabin juyi ana zagayawa har ya dawo tsakiya. Wannan ka ba wanda ya iya gyaran wili ka zauna kusa da shi, kuma a ɗiga mai a kan nonon wayoyin, wato ƙananan notocinsu da ke jikin rim, tun daren jiya don tsofaffi ne suna tsinkewa. Daɗin abin, wilin da aka yi wa haka ya fi ƙarfi fiye da da, saboda yanzu gefe biyun suna ja kusan daidai.

Maganar nauyin feda kuma, kekunan nan yawanci faranti biyu ne a gaba, mai haƙora 52 da mai haƙora 42. Samari suna son barin babban don ya fi kyau a hoto, wallahi 52 da 16 gwiwarka za ta gaya maka, ka tsaya a danja ka zo tashi adaidaita na hura maka hon a baya kana ta lilo a kan feda. Bar 42 ɗin, ka haɗa da 16, duk juyi ɗaya na feda taya ta juya sau biyu da rabi da ɗan ɗori, ya ishe ka yawon gari. In kana Jos ne ko kana ɗaukar kaya ka sa 18. Kuma da ka cire faranti ɗaya notocin nan biyar za su yi tsawo ba za su kama ba, ko ka sa washa ko a goge su da fayil.

Sarƙa iri biyu ce, mai faɗi ta Phoenix da siririya ta masu giya. Mai faɗi tana hawa kan siraran haƙora, amma siririya ba ta shiga masu kauri, don haka in ka sayi firiwil ɗin Phoenix ka haɗo da sarƙarsa kawai, sabuwa, kar ka sa tsohuwa da ta riga ta miƙe. Wajen ɗaurewa ka juya feda a hankali za ka ji akwai inda ta fi tsauri don farantin ba ya zama da'ira cif, a nan wurin za ka saita, ka bar mata wasa kamar santimita ɗaya sama da ƙasa. Ka kula da yatsunka kana juyawa. Sannan in aksul ɗinka mai libar nan ne da ake buɗewa da hannu, ka ɗaure shi sosai, in ka ga kana taka feda da ƙarfi taya na zamewa tana gogar firam ta hagu to canja shi da aksul mai noti ka ɗaure da sifana 15.

Birki kuwa duka biyu ka bar su, na ji wani a nan yana cewa a cire na baya keke ya yi fes. Waɗanda kuke gani a bidiyo babu birki nasu fedar a kulle take da taya, da ƙafa suke tsayarwa, naka firiwil ne in ka daina takawa tafiya kawai zai ci gaba da yi. Kunnuwan da ke jikin firam na waya da na giya ma kar ka yanke su, wata rana kai ko wanda ka sayar wa zai so mayar da giya.

Na kusa mantawa, in za ka sayi taya ka karanta lambar da ke jikin tsohuwar, in ka ga 630 to inci 27 ce, in 622 ce ita ce 700C, ba sa shiga wa juna duk da a ido kamar ɗaya, ta Phoenix kuma 635 ce ita ma daban, mai shago zai ce maka duk ɗaya ne, ka tafi da wilin a hannu a gwada a gabanka. An kira sallah, in akwai saura ka turo bayan isha'i.