Ku Tambaya Mu Amsa: Kamfanin wuta da gas na Kalifoniya, wa ke riƙe da linzaminsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Yayana yana zaune a Oakland ta jihar Kalifoniya, rannan muna waya ina masa kukan rashin wuta sai yake cemin ai su ma a jiharsu akwai lokacin da kamfani ke kashe wa garuruwa wuta da gangan har kwana biyu uku, kuma wai kamfani ɗaya ne ke ba su wuta da gas duk a bil ɗaya. Ni dai na ɗauka lallashina yake. Dan Allah da gaske ne? Daga wani tela a Fagge, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, iyali lafiya lau. Yayanka gaskiya ya faɗa maka. Kamfanin da yake nufi sunansa Pacific Gas and Electric, mutane PG&E suke ce masa, shi ke kula da arewaci da tsakiyar Kalifoniya, mutum wajen miliyan 16 ne ke dogaro da shi. Tun 1905 aka kafa shi, kuma in ka bi salsala da gas ya fara, lokacin da fitilun titin San Francisco da gas ake kunna su, daga baya lantarki ya zo aka haɗe sana'o'in biyu. Gas ɗin nan kuma ba na tukunya ba ne irin wanda muke kaiwa a ɗura mana, bututu ne a ƙarƙashin ƙasa ya shigo har kicin kamar famfo, da mitarsa daban, da shi ake girki da ɗumama ɗaki da ruwan wanka.

Maganar kashe wuta da gangan kuwa, can damina da sanyi take zuwa, rani sai ciyawa da itace su bushe ƙayau, wajen watan Oktoba da Nuwamba kuma sai wata busasshiyar iska mai ƙarfi ta taso daga tudu, kusan irin hunturunmu amma ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Reshe ɗaya ya taɓa waya ko waya ta tsinke ta faɗi a ciyawa, shikenan gari ya kama. To shi ne idan masu hasashen yanayi na kamfanin suka ga irin wannan rana na tafe sai su sanar da mutane su kashe layin, kuma ko iskar ta lafa ba a dawo da wuta sai ma'aikata sun bi layin a mota ko a jirgi mai saukar ungulu sun duba ba abin da ya karye. A Oktoban 2019 sun yi wanda ya shafi gidaje da shaguna sama da dubu 700 a lokaci ɗaya, mutane sun sha wahala sosai musamman marasa lafiyan da ke kan na'urar numfashi a gida. Kaga bambancinsa da namu, su wutar tana nan tsoron gobara ne ya sa aka riƙe ta, mu kuma tun daga tushe ba ta isa ba.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni 'yar kasuwa ce, na san in ba ka da abokin gogayya sai yadda ka ga dama kake sa kuɗin kaya. To kamfani irin wannan da babu wani mai jan waya a unguwar sai shi, wa ke hana shi tsawwala wa mutane, kuma ta ina ribarsa ke fitowa? Daga wata mai shagon atamfa a Kaduna.

AMSA: Hajiya wannan tambayar taki ita ce gindin maganar, duk abin da zan faɗa a gaba daga nan ya samo asali. Gaskiya ne ba shi da kishiya a harkar waya da bututu, don babu hankali a ce kamfani uku kowa ya kafa falwayarsa a layi ɗaya. Saboda haka gwamnatin jiha ta ce ga yanki mun bar maka, amma farashi ba kai za ka yanka ba. Akwai hukuma da ake kira CPUC mai kwamishinoni 5, gwamna ke naɗa su, duk bayan shekara 4 kamfanin zai kawo lissafinsa gabanta, ga abin da zan kashe kan albashi da gyara da sare rassan bishiya da sabon aiki, masu kare haƙƙin jama'a su zo su yi ta ja da shi layi bayan layi, a ɗau sama da shekara ana abu ɗaya kafin a yanke.

Inda abin zai ba ki mamaki shi ne ribar ba daga yawan wutar da aka sha take fitowa ba. Tun 1982 Kalifoniya ta raba ribar kamfani da yawan cinikinsa don kar ya riƙa zuga mutane su ɓarnatar da wuta, kuma gas ko wutar da ya sayo daga wasu, yadda ya saya haka yake ɗora wa mai bil ba ƙari. Ribar tana kan jarin da ya zuba a kadara ne, wato sabuwar tasha, sabuwar waya, sabon bututu, taransifoma. A kan kason da masu hannun jari suka zuba hukuma ke yarje masa riba wajen kashi 10 cikin ɗari a shekara. Amma kuɗin gyaran yau da gobe, tura mutum ya hau ƙarfe ya duba ƙusa, wannan maida masa kuɗinsa kawai ake ba riba a kai, kuma in an ware masa kuɗin ya kashe ƙasa da haka rarar tana iya zama tasa kafin zagaye na gaba.

To ki duba da idon kasuwa Hajiya, in aka ce miki gina sabon shago akwai lada amma toshe yoyon tsohon rufi babu ko sisi, ina hankalin yaran shagonki zai karkata? Ni a ganina nan ne ake gane shugaban kamfanin wuta, shin yana da ƙarfin zuciyar kashe kuɗi a wurin da ba wanda zai yaba masa, ko kuwa sai abin da zai fito a rahoton riba na wata uku-uku.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na yi aikin lantarki shekara 31 kafin na yi ritaya. Na ji a rediyo an taɓa cewa wani kamfanin wuta a Amurka ya amsa laifin kisan mutane a kotu. Yaya kamfani zai yi kisa, kuma shugabanninsa me aka yi musu? Daga wani dattijo a Gusau.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, kai ne ma ya kamata ka koya mana wannan. Kamfanin dai shi ne wannan PG&E ɗin, kuma labarin sau biyu ne, ɗaya ta gas ɗaya ta wuta.

Ranar 9 ga Satumba 2010 wani babban bututun gas mai faɗin inci 30 ya fashe a tsakiyar unguwa a garin San Bruno kusa da San Francisco, mutum 8 suka rasu, gida 38 suka ƙone ƙurmus. Da aka tono sai aka tarar tun 1956 aka binne shi da walda mara kyau, takardun kamfanin kuma suna nuna wai bututun ba shi da ɗinkin walda a jikinsa, kaga tunda a takarda babu ɗinki ba wanda ya je neman tsaga a ɗinki. Sai da aka yi minti 95 kafin a iya rufe gas ɗin. Hukuma ta ci su tarar dala biliyan 1.6 a 2015, a 2016 kuma kotun tarayya ta same su da laifi 6, aka sa kamfanin ƙarƙashin sa idon alƙali na shekara 5.

Yana cikin wannan sa idon ne na biyun ya faru, kuma Baba wannan kai za ka fi kowa jin zafinsa. Safiyar 8 ga Nuwamba 2018, a kan wani layin babbar waya da ake kira Caribou-Palermo wanda ya kusa shekara 100, wata ƙugiyar ƙarfe da ke riƙe da waya ta tsinke. Ƙugiya ce da za ka riƙe a hannu ɗaya, shekara da shekaru iska na kaɗa ta tana goguwa da ƙarfen da aka rataye ta har ta cinye. Wayar ta bugi jikin ƙarfen, tartsatsi ya zuba a busasshiyar ciyawa, cikin sa'o'i kaɗan garin Paradise ya tafi. Mutum 85 suka mutu, yawancinsu tsofaffi, gine-gine sama da dubu 18 suka ƙone. Wallahi duk sanda na tuna kuɗin ƙugiyar nan da kuma ran mutum 85 sai jikina ya yi sanyi.

Shugabar kamfanin a lokacin Geisha Williams, 'yar asalin Kuba wadda ta hau a 2017, ta sauka a Janairun 2019, kafin watan ya ƙare kamfanin ya kai kansa kotu ya ce ya karye, don diyyar da ke jiransa ta gobarori daban-daban an ƙiyasta ta kai dala biliyan 30. Wannan ne karo na biyu, ya taɓa karyewa a 2001 lokacin rikicin farashin wuta na jihar. Aka ɗauko Bill Johnson daga hukumar wuta ta TVA, shi ne a Yunin 2020 ya tsaya gaban kotu a gundumar Butte ana kiran sunayen mamata ɗaya bayan ɗaya yana amsa laifi a madadin kamfani, laifi 84 na kisa ba da niyya ba, a kan mutum 84 daga cikin mamatan. Tarar da doka ta ba da dama ba ta wuce dala miliyan 3.5 ba, kuma amsar tambayarka Baba, ba mutum ko ɗaya da aka ɗaure. Kamfani ba a sa shi a kurkuku, masu gabatar da ƙara kuma sun ga sakacin ya bazu kan shugabanni da yawa cikin shekaru masu yawa. Ni dai wannan bai kwanta min ba har yau.

Abin da ya canza shi ne gwamna Gavin Newsom ya yi barazanar jiha za ta ƙwace kamfanin, aka sauya kusan duk daraktocinsa, aka ware dala biliyan 13.5 don waɗanda gobara ta shafa, sai dai rabinta hannun jarin kamfanin ne ba tsabar kuɗi ba, wato wanda aka ƙona wa gida sai ya zauna yana fatan darajar kamfanin ta tashi kafin ya samu haƙƙinsa. A Janairun 2021 Patti Poppe ta karɓi ragama, injiniya ce da ta daɗe a masana'antar motoci ta General Motors kafin ta shugabanci kamfanin CMS Energy na Michigan. Wata 6 da zuwanta bishiya ta faɗa kan layi gobarar Dixie ta tashi ta cinye kusan eka miliyan ɗaya, a cikin watan ta sanar za su binne waya mai tsawon mil 10,000 a ƙasa. Dabarar tana da kyau don wayar da ke cikin ƙasa iska ba ta taɓa ta, amma mil ɗaya yana cin dala miliyan 3 zuwa 4, kuma ka tuna abin da na faɗa wa Hajiya, binne waya sabuwar kadara ce mai riba, shi ya sa masu suka ke cewa waya mai rigar roba a kan falwaya ta fi araha kuma ta fi sauri. A ƙarshen 2023 hukuma ta amince da mil 1,230 kawai zuwa 2026. Bil ɗin mutane kam ya hau sosai, yana cikin mafi tsada a Amurka, kuma abin da aka biya ita shugabar Patti Poppe a shekararta ta farko ya haura dala miliyan 50, mafi yawansa hannun jari ne na maye abin da ta bari a tsohon wurinta, amma wanda ke fama da bil wannan bayanin ba ya sanyaya masa rai.

TAMBAYA: Yaya, a taƙaice me zai hana kamfanonin wutarmu su ma su haɗa da gas? Daga wata ɗalibar injiniyanci a Zariya.

AMSA: Ƙanwata tsarin namu daban aka gina shi. A Nuwamban 2013 da aka sayar da kadarorin PHCN an yanyanka su ne, masu samar da wuta daban, kamfanonin rarrabawa 11 daban irin su KEDCO mai Kano da Katsina da Jigawa, babbar waya kuma ta zauna hannun gwamnati a kamfanin TCN, hukumar NERC ke yanka farashi, dokar 2023 kuma ta ba jihohi damar kafa tasu hukumar. Shi kuwa PG&E da madatsun ruwansa da tashar nukiliya ta Diablo Canyon da babbar waya da ƙarama duk a hannunsa. Gas da wuta a wurinmu sun haɗu amma ta sama, don mafi yawan wutar Najeriya daga tashoshin gas take fitowa, shi ya sa in bashi ya taru masu gas suka rage bayarwa sai ki ji a jikinki a Samaru. Abin da babu shi ne bututun da zai shiga gida-gida. Bututun AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 babba ne na tashoshin wuta da masana'antu. Kuma tunda karatunki ne ki riƙe wannan, gas ya fi wuta wuyar sha'ani wajen maidowa, wuta makunni za a tayar unguwa ta haskaka, amma in aka rufe gas a unguwa sai ma'aikaci ya bi gida-gida ya rufe mitar kowa, a fitar da iskar da ta shiga bututu, sannan ya sake zagayowa ya buɗe ya duba yoyo ya kunna wa kowane gida da hannunsa, wanda ba ya nan kuma nasa a rufe zai zauna sai ya dawo.