Tambaya da Amsa: Likita ya rubuta "matsalar jijiyar wuya" kawai, wace lamba zan sa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan an tashi lafiya. Ina aiki a sashen rekod na wani asibiti nan Gombe, wata na takwas kenan. Jiya aka kawo min foldar wani dattijo, likita ya rubuta matsalar jijiyar karotid ta wuya kawai, bai ce dama ko hagu ba, amma a bayan foldar akwai takardar sikanin da ta nuna ta hagu ta tsuke kashi 80. A bayanin zuwansa an rubuta wai yana shan shayi hannunsa na dama ya saki har kofin ya faɗi, bayan kamar minti ashirin ya dawo daidai. A lambobin ICD-10, wato littafin da ke ba kowane ciwo lambarsa, ni I65.2 na so sa, abokiyar aikina ta ce a'a I63 ne tunda hannu ya mutu, wani kuma ya nuna min I65.22 a wayarsa. Don Allah wanne ne daidai, wallahi kaina ya kulle. Daga wata ƙanwarka a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikissalam ƙanwata. Gaskiyar magana dai, ku ukun nan babu wanda ya isa ya sa lamba a foldar nan yadda take yanzu. Ki ɗauke ta ki koma wajen likitan. Na san ba daɗi, yana tsakiyar ganin marasa lafiya ki leƙa ya yi miki wani kallo, amma aikin kenan.

Bari in fara da I65.22 ɗin nan don ita ce mai sauƙi. Ba ƙarya ba ce, lamba ce ta gaske, amma daga littafin Amurka ta fito, wato ICD-10-CM da suka koma amfani da shi a watan Oktoba na 2015. Su sun ƙara lamba ɗaya a ƙarshe don nuna ɓangare: I65.21 dama, I65.22 hagu, I65.23 duka biyun, I65.29 in ba a faɗi ɓangare ba. Shi ya sa in kika bincika a intanet su za ki fara gani, tunda can da waɗannan lambobin ake biyan kuɗin inshora. Littafin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a I65.2 ya tsaya, sai kuma I65.3 in jijiyoyin da yawa ne ko ɓangare biyu ne. To ki duba wane littafi ne a kan teburinku ko a kwamfutarku, shi za ki bi, kar ki cakuɗa biyun a rajista ɗaya don ranar haɗa rahoton wata za ki ji jiki.

Yanzu ga inda maganar take. Jijiyoyin karotid guda biyu ne, ɗaya a kowane gefen wuya, in kika ɗora yatsa ƙarƙashin muƙamuƙi za ki ji bugunsu, su ke kai mafi yawan jinin da ƙwaƙwalwa ke sha. Da shekaru suka ja, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga ko mai shan taba, kitse yana taruwa a bangon jijiyar kamar yadda ƙasa ke cushe magudanar ruwa kafin damina. I65.2 tana nufin jijiyar ta tsuke ko ta toshe amma wani ɓangare na ƙwaƙwalwa bai mutu ba. Wannan sharaɗin a rubuce yake a kan taken I65 ɗin kansa, mutane ne dai basa karantawa. In kuwa toshewar ta kai ga wani yanki na ƙwaƙwalwa ya mutu, abin da muke kira shanyewar ɓarin jiki irin na toshewa, to an bar gidan I65 an koma I63: I63.0 in jini ne ya daskare a cikin jijiyar, I63.1 in gudan jini ne ya taso ya toshe, I63.2 in likita ya ce toshewa ko tsukewa ce bai fayyace iri ba.

Abokiyar aikinki ta yi saurin yanke hukunci. Hannun da ya saki ya dawo cikin minti ashirin ya fi kama da ɗan gajeren yankewar jini da ke wucewa da kansa, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da TIA, shi kuma gidansa daban ne, G45, ba ma a babin jijiyoyin jini yake ba. Amma ki lura na ce ya fi kama, ban ce shi ne ba. Ni da ke ba mu da hurumin cewa ƙwaƙwalwa ta taɓu ko ba ta taɓu ba, likitan da ya duba shi ya ga hoton kansa shi zai rubuta. Haka takardar sikanin ɗin nan, kar ki ɗauki lamba daga cikinta kai tsaye, mai sikanin abin da ya gani ya faɗa, likitan da ke kula da mara lafiya shi ke cewa ga ciwon. (Ko da yake sikanin ɗin da labarin sun yi daidai, don ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya hannun dama.)

In kin je, ba dogon surutu, ki roƙe shi ya rubuta wace jijiya ce kuma wane ɓangare, tsukewa ce ko ta toshe gaba ɗaya, kuma an samu shanyewa ko ba a samu ba, ya sa hannu da kwanan wata. Kar ki ce masa "ai kaza ne ko?", ki bar shi ya faɗa da alƙalaminsa. Kashi 80 ɗin ba zai canza lambar ba, kashi 55 da kashi 95 duk I65.2 ne, amma ya shiga rubutun don daga kashi 70 zuwa 99 ake kira mai tsanani, kuma tun wani babban binciken likitoci a Arewacin Amurka mai suna NASCET na 1991 aka nuna aikin kankare jijiyar yana amfanar masu irin wannan tsukewa da suka fara nuna alama. In za a tura dattijon nan babban asibitin koyarwa ko a nema masa izinin inshora, wannan kason za a fara tambaya. Hawan jini da suga in yana da su, su ma a rubuta a ba su lambarsu.

TAMBAYA: Malam na ga I65.2 a takardar sallamar Babanmu hankalina ya tashi, shanyewar jiki ce? Yanzu haka yana tafiya da ƙafarsa har masallaci. Daga wani ɗan'uwa a Yelwa, Bauchi.

AMSA: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A'a ɗan'uwa, lambar cewa take jijiyar wuyansa ta tsuke amma ba a samu shanyewa ba. Sai dai gargaɗi ne, ya riƙe magungunan da aka ba shi, kar ya daina don ya ji sauƙi, kuma ku koma ranar da aka sa muku. Duk ranar da kuka ga bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya saki, ko ido ɗaya ya rufe da duhu ko na minti biyu ne, kar ku tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, ku sa shi a mota zuwa asibiti, takardar nan kuma ku tafi da ita a hannu.