Kwamitin koke na asusun dangi: Baffa ko lauya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu dangi ne a Makka, kakanninmu suka zo daga Kano, yanzu wasu suna Rusaifa wasu sun koma Jidda. Muna da asusun dangi mai rajista da ke taimaka wa zawarawa da marayu duk wata. Bana aka cire sunan wata bazawara wai ɗanta ya samu aiki, ita kuwa ta ce albashinsa da ƙyar yake biyan hayarsa. Magana ta kai wasu sun daina gaisawa. An yanke a kafa kwamitin mutum uku mai sake duba koken wanda aka hana. Manya sun ce Baffanmu, limami mai shekara 76, shi zai shugabanta. Matasa sun ce a ba 'yar ƙanensa da ta karanta shari'a, tana aikin lauya. Ni ce ma'aji, na rasa bayan wa zan bi.
Wata Hajiya, daga Makka

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya saka muku da wannan zumunci. A ba lauyar. Na san maganar za ta yi wa manya nauyi, don haka ki saurari dalilina.

Wanda yake zuwa gaban irin wannan kwamiti ba ya zuwa da mai tsaya masa. Bazawara ce da kunya ta cika ta, ta zauna gaban surukanta da ƙannen mijinta, an tambaye ta nawa ɗanta yake ba ta, ta sunkuyar da kai ta ce "Alhamdu lillahi." A wancan gefen kuma ga wanda ya cire sunanta, da takardu da lissafi da iya magana. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi gargaɗi, a hadisin Ummu Salama, cewa wani yakan fi wani iya kawo hujja. Aikin shugaba shi ne ya cike wannan giɓin: ya san abin da ƙa'idar asusun ta ce, ya san tambayar da za ta fito da gaskiya, ya yi wa mai rauni tambayar da ita ba ta san ya kamata ta amsa ba. Wannan sana'a ce da ake koyo, kuma ita 'yarku ta koya.

Ingila ta bi ta wannan hanya, ta sha wahalarta. Tun 1957 kwamitin Franks, wanda gwamnatin ƙasar ta kafa don duba majalisun sauraron koke, ya ba da shawarar a riƙa ɗora masana shari'a a kan irin waɗannan kujeru, amma majalisun da ke jin koken masu karɓar tallafin talauci suka ci gaba da zama a hannun mutanen kirki na gari waɗanda ba su karanta doka ba. A 1975 Farfesa Kathleen Bell ta fitar da bincikenta a kansu, ta nuna aikinsu bai kai yadda ake so ba, ta nemi a kawo lauyoyi. Babbar matsalar ita ce shugaban da bai san doka ba yakan jingina da jami'in ma'aikatar da ta hana tallafin, har magatakardan zaman ma daga ma'aikatar yake. Daga 1984 aka wajabta shugaba ya zama lauya. Yau idan naƙasasshe ya ɗaukaka ƙara kan kuɗin tallafinsa, mutum uku yake tararwa: alƙali mai shugabanci, likita, da wanda ya san rayuwar naƙasassu. Kuma fiye da rabin waɗanda suka kai ga zaman suna yin nasara. Wannan ya ishe ki ki gane yawan kuskuren da ake yi a hukuncin farko.

Mu ma nan Saudiyya ba baƙon abu ba ne. Wanda hukumar gwamnati ta yanke masa abin da bai gamsu da shi ba, bayan ya yi ƙorafi a wurinta, yana da Diwanul Mazalim, inda alƙali yake dubawa ba ma'aikacin hukumar ba. Mata kuma tun 2013 suke karɓar lasisin aikin lauya a ƙasar nan, saboda haka wanda ya ce mace ba ta aikin lauya, ya leƙa kotunan Jidda.

Akwai maganar da manya za su yi miki, kuma tana da ƙarfi: lauya takarda ya sani, Baffa kuwa ya san gidan kowa, ya san wanda ke kwana da yunwa ya fito da farar riga. Gaskiya ne. Amma wannan sanin nasa shi ne abin da nake tsoro a kujerar hukunci. Idan Baffa ya ce a'a, wace bazawara ce za ta buɗe baki ta ce Baffa bai yi daidai ba? Za ta yi shiru ta koma gida da abin a ranta, kwamitin da aka kafa don koke ya zama inda koke yake mutuwa. Ita lauyar ana iya ce mata ta nuna sakin layin da ta dogara da shi, ba wanda zai ce an yi rashin kunya.

Kada kuma a zaunar da Baffa ƙarƙashin 'yar ƙanensa, wannan bai dace ba kuma ba a buƙatarsa. A bar masa abin da ya fi kowa iyawa, wato sulhu kafin magana ta kai kwamiti, da lallashin wanda hukunci bai yi wa daɗi ba. Idan kwamitin ya ga ƙa'idar ce da kanta take cutar mutane, shi zai tara dangi a gyara ta. Sauran kujeru biyun, ɗaya ta dattijuwar da take shiga gidaje, ɗaya ta wanda ya iya lissafi.

Ke kuma Hajiya, tunda ke ce ma'aji, ba ki zama a kwamitin. Duk wanda hannunsa yake cikin hukuncin farko zai zo ne ya yi bayani ya fita. Haka lauyar, ranar da koken ya shafi mahaifiyarta ko 'yar uwarta ta jini, ta tashi wani ya zauna. A sa wa'adi, misali kwana 30 don shigar da koke, kuma kowane hukunci a rubuta shi da dalilinsa, ko da layi biyar ne, don wadda za ta zo baɗi da irin matsalar ta samu irin amsar.

Batun wannan baiwar Allah da aka cire sunanta, tambayar farko ita ce ɗan a gidanta yake zaune ko ya ware, sannan ƙa'idarku kuɗin wa take ƙirgawa, na gida ɗaya ko na duk ɗan da ke raye. A nemi takardar albashinsa da yarjejeniyar hayarsa ta Ejar, wato shafin gwamnati da ake yi wa haya rajista. Idan ƙa'idar ba ta ce komai a kan ɗan da ya ware ba, a mayar mata da sunanta, a biya ta watannin da aka riƙe.