Amsa ga ɗalibin da ke son zuwa Girka aikin tono

Ƙanena, ka ce kana karanta ilimin tono kayan tarihi, kana son sanin yadda ɗalibi ke shiga aikin fili a Girka da abin da zai tarar a can. Na taɓa yin wannan aikin a yankin Felofonis da ke kudancin Girka lokacin ina digiri na biyu.

Da farko, ba a zuwa Girka da diga a kafaɗa. Dokar 2002 ta ƙasar ta ce duk kayan tarihin da ke cikin ƙasa na gwamnati ne, kuma jami'ar waje ba ta samun izinin tono sai ta hannun cibiyar binciken ƙasarta da ke Atina. Ta Faransa ce mafi tsufa, tun 1846, ita ce ke Delfi da Delos. Jamusawa suna Olimfiya tun 1875. Cibiyar Amurka, wadda aka kafa a 1881, tana Korinti tun 1896 da tsohuwar kasuwar Atina, wato Agora, tun 1931. Ingilawa kuwa sunansu ya fi fita a Konosos ta tsibirin Karita. Kowace cibiya an ƙayyade mata yawan ayyukan da za ta yi a shekara, shi ya sa gurbi ke wuya. Najeriya ba ta da irin wannan cibiya, saboda haka ƙofarka ita ce malamin wata jami'a da ke da izini, ko shirin ɗalibai 'yan sa-kai irin na Agora, da ke ɗaukar kusan wata biyu daga Yuni.

Aikin kansa fa? Da sassafe ake fita, a tashi wajen azahar saboda rana. Diga, cebur, baro, cokalin magina, rariya. Da la'asar a zauna wankin tsingaro da buroshi, bokiti bayan bokiti. A nan na ga wasu sun karaya, don sun zo da labarin kabarin wani jarumin zamanin da a garin Filos da masanan Jami'ar Sinsinati ta Amurka suka gano a 2015, mai zobba na zinariya. Irin wannan sai a shekara da shekaru ba a gani ba. Abin da shugaban rami ke so a wurinka shi ne ido: ka lura inda launin ƙasa ya sauya, ka dakata, ka auna, ka rubuta. Tsingaron da aka haɗa da na wani hawa na ƙasa ya lalata lissafin shekarun ramin, kuma ba a mayar da ƙasa a sake tono.

Kada ka raina tsingaron nan. A wata rijiya da ke gefen Akurofolis, tudun nan na tsakiyar Atina, an sami kusan 190 ɗauke da sunan Temistokilis, wani ɗan siyasar Atina na zamanin da, ƙuri'un korar mutum daga gari na shekara goma. Da aka duba rubutun, ashe hannu 14 kacal ne suka rubuta su. Wato an tanadi ƙuri'u tun kafin ranar zaɓe, mu da muka san siyasa ba sai an yi mana bayani ba.

Kafin ka nema, ka shiga aikin fili na sashenku a gida, ka iya zanen bangon rami da cike takardar bayanai, don su ake tambaya. Ka fara neman tun lokacin sanyi, saboda wasiƙar malamai da bizar shiga Turai ta Shengen suna cin lokaci. Ka kuma tambaye su ƙarara wa zai biya jirgi da masauki, don wasu shirye-shiryen kai za ka biya su.